Ra'ayina: Wa Zai Raɗa Wa Yerwa Suna a Cikin Kwamfuta?

Gabatarwa

Na san da yawa daga cikin masu karanta wannan mujalla za su yi mamaki idan suka ga ɗalibin Hausa ya ɗauki alƙalami yana maganar jirgin sama da kwamfuta, alhali ga nahawu da adabi da al'ada suna jiransa, ga kuma jarrabawa a bakin ƙofa. Ina roƙon mai karatu ya ba ni aron hankalinsa na ɗan lokaci. Ra'ayin da nake son gabatarwa shi ne, tsara fayilolin da ake gina hoton gari da su a cikin manhajar kwaikwayon tuƙin jirgin sama aiki ne na suna, shi kuwa aikin suna namu ne mu ɗaliban harshe. Idan muka naɗe hannu za a yi shi ba tare da mu ba, kuma wanda bai san garin ba ne zai yi shi.

Mece Ce Wannan Manhaja?

Manhaja ce da mutum zai zauna a gaban kwamfuta ya ga kansa kamar yana kan kujerar matuƙi. Zai tayar da jirgi, ya karkata shi, ya sauke shi, ƙasa tana shimfiɗe a ƙarƙashinsa da hanyoyinta da kogunanta da gine-ginenta. Akwai manyan na'urori irin waɗanda ake horar da matuƙa da su a makarantun koyon tuƙin jirgi, wato makarantu irin kwalejin nan ta Zariya da aka kafa a 1964. Akwai kuma ƙanana da kowa zai iya sakawa a kwamfutarsa. Fitattu a cikinsu su ne Microsoft Flight Simulator, wadda ta fara fitowa a 1982, da X-Plane ta 1995, da kuma FlightGear ta 1997, wadda kyauta ce, kuma masu aikin sa-kai daga ƙasashe daban-daban ne suke gina ta.

Abin da ya shafe mu a nan shi ne yadda ake adana ƙasar da matuƙi yake hangowa. Ba hoto guda ba ne aka ɗauka aka liƙa. An bi layukan taswira ne an yanka duniya gida-gida, kowane gida da jakarsa a cikin kwamfuta. A tsarin FlightGear, babbar jaka tana ɗauke da yanki mai faɗin digiri 10 da tsawon digiri 10, a cikinta kuma akwai ƙananan jakunkuna na digiri ɗaiɗai. Da yake Maiduguri tana tsakanin digiri 11 da 12 a arewa, da kuma digiri 13 da 14 a gabas, wanda yake nemanta zai buɗe jaka mai suna e010n10, sannan ya shiga e013n11. A X-Plane kuwa wannan yanki shi ne +11+013 a cikin jakar +10+010. Filin jirgin samanmu ma da lambarsa ta duniya ake kiransa, wato DNMA, kamar yadda na Kano yake DNKN.

A cikin kowace jaka kuma an jera abubuwa hawa-hawa, kamar jeren amarya. Shimfiɗar ƙasa da tudu da kwari suna can ƙasa, hanyoyi da koguna suna bisansu, sai gidaje na gama-gari waɗanda kwamfuta take ƙirƙira da kanta, sannan fitattun gine-gine waɗanda sai mutum ya zauna ya zana su ɗaya bayan ɗaya. Kowane fitaccen gini yana da fayil ɗinsa, yana kuma da layi guda a wani fayil da yake faɗa wa manhaja lambobi huɗu: nisansa gabas, da nisansa arewa, da tsayin wurin daga doron teku, da inda ya fuskanta. A X-Plane har akwai wani fayil da aikinsa kawai shi ne jera jakunkuna, wadda take sama a jerin ita ce take danne ta ƙasa idan suka yi karo.

Abin da Idona Ya Gani

Wani abokina ɗalibin injiniya ne ya kira ni ɗakinsu a lokacin hutu, ya ce in zo in ga gidanmu ta sama. Muka tashi daga filin jirgin Maiduguri a kan allon kwamfutarsa. Na ga titin saukar jirgi, na ga manyan hanyoyi, na ga wani zare da ya ce Kogin Ngadda ne. Amma na duba ban ga Fadar Shehun Borno ba, ban ga babban masallacin da yake kusa da ita ba, ban ga kasuwar Monday Market ba, ban kuma ga inuwar dogon yaro da duk baƙon da ya shigo Yerwa yake fara yabawa ba. Na tambaye shi laifin wa ne, ya ce ba laifin kowa ba ne, kowane gari 'ya'yansa ne suke gina shi, wanda 'ya'yansa ba su gina ba sai a cike gurbinsa da gidajen gama-gari. Nan take muka yanke shawarar mu gwada, shi ya yi zane, ni kuma in riƙa tattara sunaye.

Ba mu yi wata guda ba muka rikice. Jakarmu ta cika da fayiloli masu suna "gini1" da "gini1 sabo" da "sabo na karshe" da "masallaci" da "masallaci2", ba wanda ya san wane masallaci ake nufi a garin da kowace unguwa take da nata. Rannan fadar da ya kwana uku yana zanawa ta ɓace ƙurmus. Da muka bi sawu sai muka tarar ya musanya lambobi biyu, ya sa ta arewa a gurbin ta gabas, saboda haka fadar Shehu ta tashi ta koma can wajen iyakar Yobe da Nijar. Wani ginin kuma ya bar masa tsayi a sifiri, alhali Maiduguri ta ɗara doron teku da fiye da mita 300, sai ginin ya nutse a ƙarƙashin ƙasa.

Waɗannan kurakuran lissafi ne, shi ya gyara abinsa. Wanda ya tsaya mini a rai shi ne wani fayil da ya sa wa suna "kura". Shi ƙurar hunturu yake nufi, domin hazon da yake rufe gari ya so ya kwaikwaya, amma allon rubutunsa ba shi da ƙ mai lanƙwasa. Ni kuwa da na tashi da Kanuri a bakina kafin in koyi Hausa, da na gani sai na karanta shi da ma'anar "babba", domin abin da kalmar take nufi ke nan a harshenmu, na ɗauka babban masallaci ne, na tura shi jakar masallatai. Da a ce Bakano ne ya gani, da jakar gidan namun daji na Sanda Kyarimi zai kai shi. Haruffa huɗu suka haifi ma'ana uku, kuma babu injiniyan da lissafinsa zai raba wannan gardama. A ranar ne na gane cewa akwai kujerar ɗalibin harshe a wannan aiki, kuma ba kowa a kanta.

Matsalar Haruffa

Mun sha ji a aji cewa ɓ da ɗ da ƙ haruffa ne masu cin gashin kansu, kuma bambancin "kafa" da "ƙafa" ko "bari" da "ɓari" ya ishi mai hankali hujja. Yau waɗannan haruffa suna cikin tsarin Unicode, ana iya rubuta su a waya da kwamfuta. Sai dai masu gina manhaja sukan guje musu a sunan fayil, domin wasu kayan aikin sukan kasa gane su, fayil ya ƙi buɗewa. Har ila yau, idan kwamfuta ta jera sunaye bisa lambar da kowane harafi yake da ita a wurinta, ƙ da ɓ da ɗ sukan faɗa bayan z. Ke nan duk wurin da sunansa ya fara da "Ƙofar" ko "Ɗan" zai koma ƙarshen jeri, inda mai nema ba zai yi zaton samunsa ba. Kanuri ma tana da irin wannan damuwa da harafinta na ə, wanda yake cike da kalmominta.

Mafita a ganina ita ce a daina ɗora wa sunan fayil nauyin da ba zai iya ɗauka ba. A ba kowane wuri lamba wadda ba ta canzawa, a haɗa da gajeriyar alama ta rukuninsa, ita ce za ta zama sunan fayil. Sunayen gaskiya kuma, da lanƙwasarsu da komai, a rubuta su a rajista guda wadda take haɗa kowace lamba da sunanta. Masu jiragen sama sun riga mu gane wannan hikima, shi ya sa suke kiran fili da DNMA, su bar wa mutane sunan da suka ga dama.

Matsalar Harsuna

Garin nan sunansa biyu tun asali. A takarda Maiduguri ne, a bakin 'yan gari kuwa Yerwa ne, tun da Shehu Abubakar Garbai ya dawo da fadarsa nan a 1907. Sunayen unguwanninmu kuma tarihi ne a dunƙule. Ɗafin "-ri" a Kanuri yana nuna mazauni, saboda haka Shehuri unguwar Shehu ce, Hausari mazaunin Hausawa, Fulatari kuma wurin da abokan wasanmu Fulani suka sauka. Bulabulin daga "bəla" ne, wato gari, da "bəlin", wato sabo. Wanda ya san wannan, idan ya dubi taswirar Yerwa zai karanta yadda aka zauna da juna a cikinta.

A nan ne nake jan kunnen 'yan'uwana ɗaliban Hausa. Akwai kwaɗayin da kan kama mu na fassara duk abin da muka gani. Wani zai ce tunda Bulabulin "sabon gari" take nufi, a rubuta Sabon Gari a huta. Wanda ya yi haka ya rikita mutane, domin idan ka tare mai Keke Napep ka ce ya kai ka Sabon Gari, ba Bulabulin zai nufa da kai ba. Haka Monday Market, sunan da yake bakin jama'a ke nan ko da yake kullum take ci. Aikin mai nazarin harshe shi ne ya rubuta abin da mutane suke faɗa, ya nuna asalinsa, ya kuma kawo yadda Bahaushe yake furta shi idan ya bambanta. Ni Hausa ta yi mini riga da wando, ita ce ta haɗa ni da abokai daga Biu da Gwoza da Sakkwato, kuma ita nake karanta wa digiri. Amma ƙaunar da nake mata ba za ta sa in yarda a shafe sunan da kakata take kiran unguwarta da shi ba.

Abin farin ciki, ba sai an zaɓi ɗaya an yar da ɗaya ba. Taswirar nan ta OpenStreetMap, wadda aka fara a Ingila a 2004, kuma kowa yana iya gyara ta, ta tanadi gurbi daban-daban ga wuri guda: gurbin sunan da aka fi sani, da na sunan hukuma, da na tsohon suna, da kuma na kowane harshe, inda Hausa take da alamar "ha", Kanuri take da "kr". Daga wannan taswira ne FlightGear da X-Plane suke ɗibar bayanan hanyoyi. Gurbin yana nan a buɗe, mai cikawa ake jira.

Matsalar Zamani

Mu 'yan Borno mun fi kowa sanin cewa gari yakan sauya kama a dare ɗaya. A watan Disamba na 2021 aka buɗe gadar sama ta Kwastam, fuskar wannan yanki ta canza. A ranar 26 ga Fabrairu, 2023 gobara ta cinye kasuwar Monday Market, aka sake gina ta. A ranar 10 ga Satumba, 2024 madatsar ruwa ta Alau ta ɓalle, ruwa ya shiga Gwange da fadar Shehu da kasuwa da gidan namun daji, shekara 30 bayan ambaliyar 1994. Sunaye ma ba su tsira ba. A watan Yunin 2023 aka sa wa filin jirgin samanmu sunan Muhammadu Buhari, a watan Yulin 2025 kuma Shugaba Tinubu ya sanar da sa wa Jami'ar Maiduguri, wadda aka kafa a 1975, sunan marigayin.

To, wace Maiduguri za a saka a cikin jaka? Wanda ya zana kasuwa ya sa mata suna "kasuwa sabo" bai gaya wa na bayansa komai ba, domin sabon yau tsohon gobe ne. Kamata ya yi kowane fayil ya zo da shekarar da hotonsa yake wakilta. Idan gini ya canza kada a goge tsohon, a mayar da shi jakar tarihi, a ɗora sabon a samansa a jeri. Ta haka yaron da za a haifa nan gaba zai iya zaɓar shekara, ya tashi jirginsa ya ga kasuwar da mahaifinsa ya yi ciniki a ciki kafin gobara. Jama'ar da suka baro Bama da Baga da Dikwa a shekarun tashin hankali, suka koma suka tarar da garuruwansu sun sauya, sun san darajar irin wannan ajiya fiye da yadda zan iya bayyanawa.

Masu Ja da Wannan Ra'ayi

Na tattauna da abokai a kan wannan batu, kuma ba duka suka yarda da ni ba. Na farko ya ce wannan wasan yara ne, mutanen da suke fama da abin sawa a baki ina ruwansu da jirgin kwamfuta? Maganarsa tana da ƙamshin gaskiya, ni ma ban ce a bar neman abinci a zauna zana gidaje ba. Sai dai sunan da aka gyara a taswira ba manhajar jirgi kaɗai yake amfana ba. Ita wannan taswirar masu aikin agaji suna amfani da ita a wurare da dama na duniya idan bala'i ya auku. Ranar da ruwa ya ci gari, mai kwalekwalen ceto da aka ce ya nufi unguwa kaza yana bukatar sunan da yake hannunsa ya dace da wanda yake bakin mai neman taimako. Hausawa sun ce ba a fafe gora ranar tafiya.

Na biyu ya kawo batun tsaro, kuma shi ne ya fi ba ni tsoro. Ba mu manta da harin da aka kai sansanin sojan sama na Maiduguri a ranar 2 ga Disamba, 2013 ba. Amsata ita ce, tsari mai kyau shi ne ma yake sa a san abin da ba za a taɓa ba. Barikoki da shingayen bincike da duk wani wurin jami'an tsaro ba su da gurbi a rajistarmu, kuma kada ɗalibi ya ɗaga waya ya ɗauki hoton wuri sai da izinin masu shi. Sunan unguwa da siffar ƙofar fada kuwa abubuwa ne da duk mai wucewa yake gani.

Na uku ya ce me ya haɗa Yerwa da harkar jiragen sama har da za a damu? Na tuna masa cewa a lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, tun daga 1940, jiragen da ake harhaɗawa a Takoradi ta ƙasar Gana ta yanzu suna bi ta Legas da Kano da Maiduguri, su ratsa Sudan har su kai Masar. Garin nan zango ne a taswirar matuƙa tun kakanninmu suna samari. Abin kunya ne a ce jikokinsu sun bar shi fili fetal a taswirar zamaninsu.

Shawarwari

1. Ƙungiyarmu ta ɗaliban Hausa ta haɗa kai da takwarorinmu na Kanuri da Fulfulde da Larabci, da kuma ɗaliban kwamfuta da na labarin ƙasa, a kafa ƙaramin kwamiti na sunayen wurare. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

2. A buɗe rajista guda. Kowane wuri ya sami lamba, da sunan da jama'a suke kiransa, da yadda ake rubuta shi a Hausa da Kanuri bisa daidaitacciyar ƙa'ida, da sunan hukuma, da tsohon suna idan akwai, da shekarar da aka rubuta bayanin.

3. Kada a rubuta suna daga zato. A je wurin bulama ko lawan ko dattawan unguwa a ji daga bakinsu, a kuma naɗi muryar yadda suke furta shi, tunda rubutunmu na yau da kullum ba ya nuna karin sauti da tsawon wasali.

4. A raba jakunkuna bisa rukuni, wato masallatai da coci-coci, kasuwanni, makarantu, asibitoci, gadoji da gidajen sarauta. A haramta kalmomin "sabo" da "na ƙarshe" a sunan fayil, a sa shekara a madadinsu.

5. Muna roƙon malamanmu su duba yiwuwar karɓar irin wannan aiki a matsayin kundin kammala digiri. Nazarin sunayen unguwa guda, da asalinsu da furucinsu, bincike ne cikakke a fagen nazarin sunaye, kuma amfaninsa ba zai tsaya a kan kantar laburare ba.

Kammalawa

Ni da abokina mun share jakarmu mun sake farawa. Yanzu fayilolinmu lambobi ne da shekaru, rajistar kuma tana hannuna, a littafi da kuma a kwamfuta. Ba mu yi nisa ba, wurare kaɗan muka kammala, amma duk wanda ya karɓi aikin bayanmu zai san inda muka tsaya da dalilin kowane suna. Fayil ɗin nan na "kura" ya koma lamba, a gabansa kuma an rubuta "ƙura" da lanƙwasarta.

Masu iya magana sun ce mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Injiniyan da yake zaune a wata ƙasa zai iya auna faɗin titin jirginmu daga hoton tauraron ɗan'adam, amma ba zai san bambancin Hausari da Shehuri ba sai mun gaya masa. Ina kira ga duk ɗalibin da ya karanta wannan, idan ya je hutu ya ɗauki littafi da biro, ya zauna da dattijo guda a unguwarsu, ya rubuto sunayen wurare goma da asalinsu, ya kawo wa kwamitin idan an kafa shi. Wanda kuma yake ganin na yi kuskure, shafin wannan mujalla a buɗe yake, ina jiran martaninsa a fitowa ta gaba.

Allah ya ba mu sa'ar karatu, ya zaunar da Borno da Nijeriya lafiya. Wassalam.